Lemon ƙara kuzari a filin wasan yara: ina na yi kuskure?

Tambaya: Likita, ina koyar da motsa jiki ga yara 'yan shekara 9 zuwa 11. Na koya musu cewa abinci ne ke ba jiki ƙarfin gudu. Tun daga nan wasu ke zuwa fili da gwangwanin lemon ƙara kuzari, wai iyayensu ne suka saya musu. Hankalina ya tashi. Ta ina zan gyara?

Amsa: Malam, darasinka daidai ne, rubutun jikin gwangwani ne ya riga ka shiga kunnen iyaye. Ka gyara a filin, ba a allo ba.

Ka sa kowane yaro ya ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsa na daƙiƙa 15, ya ninka sau 4. Su yi tsalle na minti 2, su sake ƙirgawa. Tambaye su: wa ya biya kuɗin wannan aikin? Karin kumallo. Daga nan ka raba su rukuni-rukuni, ka ajiye kwalaben da aka shanye da kwanon yashi a ƙarshen fili. Yaro ya ruga, ya karanta giram nawa na sukari, ya raba da 4 (cokalin shayi ɗaya na sukari kusan giram 4 ne), ya ɗebo cokalin shayi na yashi daidai adadin. Gwangwanin lemo mai mililita 330 kan kai giram 35, kusan cokali 9. Kada dai ka taɓa ce wa yaro ya yi gudu don ya biya abin da ya ci, nan ake fara tsoron abinci.

Yanzu ga abin da ya ishe ni. Kafeyin, sinadarin hana barci da ke cikin waɗannan lemukan, ba abinci ba ne, ba ya ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) ko ɗaya. Gajiya kawai yake ɓoye wa ƙwaƙwalwa, jiki kuwa yana nan a gajiye. Ƙaramin gwangwani mai mililita 250 kan ƙunshi miligiram 80 na kafeyin, a ɗura wa yaro mai kilo 30! Sai ka ga hannu na rawa, zuciya na dukan uku-uku, dare ya yi barci ya gagara, gobe kuma a ce ba shi da kuzari a ƙara sayo wani. Sukarin ma da yawansa yakan jinkirta fitar ruwa daga ciki, shi ya sa yaro ke dafe ciki a tsakiyar gudu. Tun 2011 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce waɗannan lemukan ba na yara ba ne, amma masu talla sun toshe kunne.

Yaron da ya ci abinci awa 2 zuwa 3 kafin wasa yana da sukari a ajiye a hanta da tsoka wanda zai ishe shi darasin minti 40. Ruwa kawai yake buƙata, kurɓi kaɗan duk minti 15 zuwa 20. Ka rubuta wa iyaye takarda: gorar ruwa ce kaɗai za ta shiga fili.