Me ya sa littafin Kindle yake tsada kamar na takarda?

Malam, ka tambayi dalilin da littafin karantawa a waya yake kusan kuɗi ɗaya da bugagge. Ni ma abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Takarda da tawada ƙaramin kaso ne na kuɗin littafi. Ladan mai tacewa, zanen bango da haƙƙin marubuci duk suna nan. Sai kuma rigimar wa zai yanka farashi. Da kamfanin Amazon ta fito da Kindle, na'urarta ta karanta littattafai, a 2007, tana sayar da sababbin littattafai dala 9.99, wani lokaci ma da asara. A 2010 manyan kamfanonin ɗab'i suka haɗa kai da Apple suka ƙwace ikon sa farashi, a 2013 kotu a Amurka ta kama Apple da laifin haɗa baki da su don ɗaga farashi. Duk da haka, yau ma manyan kamfanonin ne ke yanka kuɗin littattafansu.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauka ya mallaki littafin. Izinin karatu ka saya, ba ka iya sayar da shi in ka gama. In kuma marubuci ne kai, kada ka sa hannu a yarjejeniyar sayarwa ta intanet sai lauya ya duba maka.