Amsa ga Ustazar da ɗalibanta ke karantawa amma ba sa fahimta

Assalamu alaikum. Ustaza, kin ce ɗalibanki na aji biyar suna karanta littafin kimiyya ba gargada, amma da zarar an yi musu tambaya sai aji ya yi tsit, kina kuma son sanin ko gyaran wannan yana wuyan malamin Larabci ne ko naki. Na daɗe ina koyar da lissafi da kimiyya a yankin Sinnar na ƙasar Sudan, inda galibin yaranmu 'ya'yan Hausawa ne, kuma a ganina aikin yana kan duk wanda ya riƙe alli. Malamin Larabci ba zai iya shi kaɗai ba, domin ba ya cikin aji a lokacin da kalmar take fitowa a wurin aikinta.

Yaron garin Mai Wurno ko na Gadarif yana tashi da Hausa a gida, da darijiyya, wato Larabcin yau da kullum, a kasuwa, sannan ya tarar da fusha, wato daidaitaccen Larabci, a littafi. Da yawansu sun biyo ta khalwa, wato makarantar allo, bakinsu ya faɗa da karatu, ba sa kuskuren wasali. Wannan alheri ne babba, sai dai yakan rufe wa malami ido, ya ɗauka wanda ya karanta da kyau ya gane. Bincike a kan masu koyon Turanci ya nuna mai karatu yana buƙatar sanin kimanin kalma 98 cikin 100 kafin ya fahimci rubutu ba da taimako ba. Ki ɗauki shafi ɗaya, ki sa yaro ya ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ba zai iya bayyanawa da bakinsa ba, za ki ga inda gizo ke saƙar.

Manyan kalmomin fanni ba su cika damuna ba, domin kowane malami yana rubuta su a allo ya yi bayani. Waɗanda suke kayar da yaranmu su ne ƙananan kalmomin umarni da kowa yake zaton wani ya riga ya koyar: "arrif" (faɗi ma'ana), "allil" (kawo dalili), "ƙarin" (kwatanta), "istantij" (fitar da sakamako). Na taɓa tambayar aji da "allil" a kan sanyin ruwan randa, wato zir. Wata yarinya ta cika layi uku tana bayyana mene ne zir da irin yumɓun da ake gina shi. Da na tambaye ta da Hausa abin da ya sa ruwan yake sanyi, nan take ta ce ai randa tana tsattsafowa, iska tana busar da jikinta, zafin yana tafiya tare da danshin. Kimiyyar tana kanta, ba ta dai san cewa dalili ake nema ba. Irin waɗannan kalmomi za su bi ta har jarrabawar Shahada Sudaniyya ta kammala sakandare, a tarihi da fiƙihu da labarin ƙasa baki ɗaya.

Abin da ya yi mana amfani shi ne mu malaman aji ɗaya mu zauna a farkon mako, mu zaɓi kalmomi kaɗan da suke ratsa darussanmu, kowa ya yi aiki da su a darasinsa, ya kuma sa yara su faɗe su cikin jimlar da suka ƙirƙira da kansu. Kwafar ma'ana daga allo sau goma cika littafi kawai take yi. A wannan zama ne muke gano kalmomi masu fuska da yawa. "Daraja" a wurin ɗan Bahaushe mutunci ce, a lissafi ma'aunin kusurwa ce, a kimiyya ma'aunin zafi, a takardar sakamako kuma maki. "Jazr" saiwar shuka ce a wurinki, asalin kalma ce a wurin malamin Larabci, idan yaro ya shiga mutawassiɗa, wato makarantar da ke bin firamare, kuma zai ji cewa jazr na 49 shi ne 7. Idan ba wanda ya jera masa su wuri ɗaya, ma'anar farko zai riƙe.

Ki kuma ci gajiyar ginin Larabci kansa. Kafin in rubuta "tabakhkhur", wato komawar ruwa tururi, nakan tambayi wa ke da bakhur a gidansu, duk hannaye su tashi. Daga turaren wuta sai mu je "bukhar" da ke fita daga bakin butar shayi, sannan mu iso kalmar darasin, haruffa uku na asali suna nan ba su sauya ba. A lissafi ma haka nake yi da "fadan", ma'aunin faɗin gona, wanda ɗan manomi ya sani tun kafin ya ji cewa murabba'in mita 4,200 ne.

Akwai shugabannin makaranta da suke hana Hausa a aji, ni kuwa ban yarda da su ba. Minti ɗaya na bayani da Hausa, sannan a koma fusha a faɗa a rubuta, ya fi rabin darasi yara suna gyaɗa kai. Sharaɗin kawai shi ne amsar ƙarshe ta fito da harshen da za a yi jarrabawa da shi.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 yara da yawa sun daɗe ba makaranta, saboda haka kada ki dogara da lambar ajin. Ki fara gwada su da kalmomin littafin aji uku da huɗu, ɗaya bayan ɗaya kuma da baki, kafin ki kai wa sauran malamai kalmomin da za ku fara da su. Allah ya taimaka.