Akwatin Tambaya: An Shafa Mana Fenti An Ce Hanyar Keke Ce

Wannan makon wasiƙun da suka zo kan keke sun yi yawa, tun bayan da na ɗan taɓo maganar a fitowar baya, to na zaɓi guda huɗu, sauran ku yi haƙuri dan Allah. Na rage tsayin wasu, musamman ta mai shago da ya cika shafi biyu da faɗa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, da keke nake zuwa aiki kusan shekara uku kenan. Kwanakin baya hukumar birninmu ta zo ta ja wani farin layi a gefen babban titi aka zana hoton keke aka ce hanyarmu ce, muka yi ta murna. To amma wallahi yanzu motoci ne ke fakin a kai, mai sauke fasinja nan, mai sauke kaya nan, ran nan saura ƙiris wani ya kwashe ni da ƙofar mota da ya buɗe ba tare da ya duba ba. Kuma ana isa mararraba sai layin ya ɓace ɓat. Shin dama haka hanyar keke take ko mu ne aka raina wa hankali? Daga Mai Feda Kullum.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ƙara tsarewa. Gaskiya ba hanyar keke aka yi muku ba, fenti aka shafa muku, kuma fenti bai taɓa tare mota ba. Ni awon da nake yi mai sauƙi ne, in aka nuna min hanyar keke sai in tambayi kaina, zan bar yarona ɗan shekara goma ya bi ta shi kaɗai? In gabana ya faɗi to aikin ganin ido ne kawai, a ɗau hoto a sa a rahoto a ce an yi kilomita kaza.

Irin wacce ka kwatanta ma wani sa'in ta fi babu muni, da muguwar rawa ai gara ƙin tashi. Dalili kuwa ta matse ka a daidai inda ƙofofin motocin da suka yi fakin ke buɗewa, sannan direban da ke tafe yana ganin tunda kana cikin layinka to ya halatta ya goge ka ya wuce, shi dai bai taka layi ba. Hanyar kirki ita ce wacce aka raba ta da motoci da wani abu mai tauri, dakalin siminti ko turakun ƙarfe ko ma jerin tukwanen fulawa manya, abin da direba zai ji tsoron ya lotsa masa mota. Faɗinta kuma ya kai wajen mita 2 saboda mai sauri ya iya wuce mai tafiya a hankali. In dole sai an bar wurin fakin, sai a mayar da motocin can ɓangaren titi, keke ya bi ta ciki tsakaninsu da hanyar masu tafiya a ƙasa, a bar 'yar tazara ta buɗe ƙofa, kaga motocin da suka yi fakin su ne ma suka zama maka garkuwa.

Maganar ɓacewar layi a mararraba kuwa nan ne gizo ke saƙar. Wurin da aka fi buƙatar kariya shi ake tsallakewa saboda shi ya fi wahalar gyara kuma shi ne direbobi za su fi yin ƙorafi a kai. A nan babbar mota ke shan kwana ta naɗe mai keke da ke gefenta, direban ma bai gan shi ba sam, don akwai wuraren da madubinsa ba ya kamawa. Dan Allah kar ka taɓa kutsawa ta gefen tirela ko tifa a bakin danja, ko da tsaye take, tsaya a bayanta ka bari ta tafi.

Mutane kan ce ai Holan daban ce, su da keke aka haife su. Ba haka ba ne. Bayan yaƙin duniya na biyu su ma mota suka runguma, har aka riƙa rushe unguwanni ana faɗaɗa titi, kuma a shekarar 1971 kaɗai haɗarin hanya ya kashe mutum sama da 3,000 a ƙasar, cikinsu yara fiye da 400. Iyaye ne suka fito zanga-zanga da taken a daina kashe yara, sai kuma matsalar man fetur ta 1973 ta zo har gwamnati ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi na wani lokaci, daga nan ne aka fara juya akalar a hankali. Shekaru suka kwashe suna gini. Wanda ma ya fi burge ni shi ne birnin Sebiya na ƙasar Sifaniya, gari ne mai zafin rana da ba a san shi da hawa keke ba, daga 2006 suka tashi haiƙan, cikin 'yan shekaru suka shimfiɗa hanyoyin keke masu shinge na kusan kilomita 120, kuma suka haɗa su da juna ba guntu nan guntu can ba, sai ga masu hawa sun ninka sau da yawa. Sirrin kenan, a haɗe. Hanyar da ta kai ka rabi ta zubar da kai tsakiyar motoci kamar gada ce da ta tsaya a tsakiyar kogi.

Kafin a gyara, ka bar aƙalla tsawon ƙofa tsakaninka da motocin da ke tsaye ko da hakan zai sa ka fita daga layin, ranka ya fi fenti. Direbobi masu karanta mu kuma ga wata dabara da aka ɗauko daga Holan, wacce Birtaniya ta sa a dokokin hanyarta a 2022: ka buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, dole jikinka ya juya ka ga mai zuwa ta baya. Kai kuma ku haɗu ku da yawa ku rubuta wa hukumar, da hotuna da sunan mararrabar da lokacin da abin ya fi muni. Kukan mutum ɗaya a kwandon shara yake ƙarewa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. An sace min keke a wurin aiki da rana tsaka, na fito na tarar da ƙafar gaba kaɗai da sarƙata a jiki, abin dariya abin haushi. Wurin ajiyar can bayan gini yake kusa da bola. Yanzu shugabanmu ya ce zai sayo sabon abin ajiye kekuna, ya ce mu kawo shawara. Wane iri ya kamata? Daga 'yar'uwarku a ofis.

AMSA: Ayya, sannu 'yar'uwa, Allah Ya mayar da alheri. Tun kafin ki faɗa na san irin abin ajiyar da kuke da shi, irin gajeren nan ne mai ramuka da ake cusa ƙafar gaba a ciki, ko ba haka ba? Wannan abokin ɓarawo ne, domin ba abin da za ki iya ɗaurewa sai ƙafar, shi kuma kwance ƙafar gaba aikin daƙiƙoƙi ne. Ga shi in wani ya bangaji keken sai ƙafar ta lanƙwashe. Ki ce wa shugabanku kar ya kuskura ya sake sayen irinsa ko da kyauta aka ba shi.

Abin da ya fi shi ne mafi sauƙi, bututun ƙarfe mai kauri da aka lanƙwasa kamar ƙofa aka kafe ƙafafunsa biyu a siminti, tsayinsa wajen santimita 75. A Ingila da sunan garin Shefild ake kiransa don can ya samo asali, ni dai turken keke nake ce masa. Keke biyu yake ɗauka, ɗaya kowane gefe, keken ya jingina sosai kuma ki samu damar ɗaure gangar jikinsa da ƙafar baya a lokaci guda. A bar aƙalla mita 1 tsakanin turke da turke, in ba haka ba hannayen kekuna su sarƙe kowa ya fito yana tsaki. Kar kuma a manna shi da bango, da yawa suna wannan kuskuren sai ka ga rabin keken ne kawai ke isa turken.

Amma fa wurin ya fi ƙarfen muhimmanci. Bayan gini kusa da bola? Ai an yi wa ɓarawo shimfiɗa ne, ya zauna ya yi aikinsa a natse ba mai ganinsa. A kawo shi gaba kusa da ƙofar shiga, inda mai gadi da masu wucewa ke gani, a sa fitila, a yi rumfa saboda ruwa da rana tunda ku wuni kuke. In shugaban ya ce ba fili, ki nuna masa wurin fakin mota guda ɗaya, zai ɗauki keke 8 zuwa 10. Mutum ɗaya ko mutum goma, shi ya zaɓa.

Don ki ga yadda wasu suka ɗauki abin da girma, a tashar jirgin ƙasa ta Utrecht a Holan akwai wurin ajiya mai hawa uku da aka kammala a 2019, yana cin keke 12,500, a kan keken ma ake shiga har ciki, kuma awa 24 na farko kyauta ne. A Amstadam babban birnin Holan kuwa da fili ya ƙare musu sai suka gina nasu a ƙarƙashin ruwa gaban babbar tasha, aka buɗe a 2023, keke wajen 7,000. Ba cewa nake ofishinku ya haƙa rami ba, su dai sun gane cewa in mutum ba shi da tabbacin zai dawo ya tarar da kekensa to ko an yi masa hanya ta zinare ba zai hau ba.

Ke ma da naki laifin kaɗan, kar ki ji haushi. Siririyar sarƙa ko wayar nan mai roba almakashin ƙarfe ɗaya ne ya gama da ita. Nemi makullin ƙarfe mai kauri mai siffar kofaton doki, ki ɗaure gangar jiki ba ƙafa ba, kar ki bar makullin yana jan ƙasa inda za a samu wurin dukansa da guduma. Sannan ki kifa sabon keken ki duba ƙasan inda feda ke juyawa, yawanci akwai lamba a wurin, ki ɗauke ta a hoto ki ajiye.

TAMBAYA: Malam ni ban yarda da ku ba. Shago gare ni a bakin titi, an ce za a cire wurin fakin na gabanmu a yi wa 'yan keke hanya. Wa zai saya mana kaya? Mai keke me zai iya ɗauka? So ake a kashe mana kasuwa kawai. Daga mai shago da ransa ya ɓaci.

AMSA: Alhaji a yi haƙuri, ran ya huce. Tsoronka ba na banza ba ne, abincinka ne, kuma kusan duk inda aka zo da wannan magana masu shaguna ne ke fara tayar da jijiyar wuya. Amma ga wani aiki da zan ba ka, sati ɗaya ka ajiye littafi, duk wanda ya shigo ka tambaye shi da me ya zo. Ina kyautata zaton za ka sha mamaki, don mai mota shi ake gani shi ake ji, wanda ya tako da ƙafa ko ya sauko daga bas ba a lissafa shi. Kuma ka duba da kyau, motar da ke wuni a ƙofar shagon ta mai saye ce ko taka ce da ta maƙwabcinka?

A Toronto ta Kanada an yi wannan rigimar a titin Bloor da aka sa hanyar keke ta gwaji a 2016, aka bi diddigi, sai aka tarar masu zuwa da mota 'yan kaɗan ne cikin masu saye, kuma ciniki bai faɗi ba, ƙaruwa ma ya yi, a 2017 aka bar hanyar dindindin. Mai keke ba ya kwasar kaya da yawa a tashi ɗaya, gaskiyarka, amma yana yawan dawowa, kuma tsayawa ba ta yi masa wuya, ya ga abu ya ja birki. Ban ce kowane shago haka ne ba, in katifa ko firij kake sayarwa lissafinka daban. Abin da ya kamata ku dage a kai shi ne a ware muku wurin sauke kaya da lokacinsa, da wurin fakin na masu lalura, a kuma kafa turakun keke biyu uku a ƙofarku. Wannan faɗan za ku iya ci.

TAMBAYA: Ɗana, ni dattijo ne, ƙafafuna sun yi rauni, keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu nake hawa. An yi sabuwar hanyar keke mai kyau kusa da mu amma an sa ƙarafa a bakinta wai don hana babura shiga, nawa ba ya wucewa. Gadar da ke gaba kuma matakala ce. Mu ba a yi da mu ba ne?

AMSA: Baba, wasiƙarka ce ta fi taɓa ni. Masu zana irin wannan saurayi mai ƙarfi suke hangowa, wanda zai sauka ya saɓa kekensa a kafaɗa ya haura, sun manta da ku da uwa mai ɗauke da yara a baya da mai keken dakon kaya. Abin takaicin ma mai babur ɗin da aka yi don shi yakan samu ta inda zai zagaya, ku ne kawai aka tare. Ƙa'idar gina hanyoyin keke da Ingila ta fitar a 2020 ta ce a bar tazarar mita 1.5 tsakanin turaku daidai don irin kekenka, ta kuma ce kada a yi hanyar da za ta tilasta wa mutum sauka, gada kuma gangare mai sauƙi ake yi mata maimakon matakala. Ka sa jikanka ya auna faɗin kekenka da faɗin ƙofar da aka bari, ya ɗauke ka hoto a gabanta, ku kai wa hukumar da ta yi aikin tare da ƙungiyar masu buƙata ta musamman in akwai a kusa. Cire ƙarfe ɗaya aikin mai walda ne na rabin yini. Gadar ce za ta ɗau lokaci, ita kam sai kun yi ta bibiya. Ka sake rubuto min in ji yadda kuka ƙare, Baba.