Jitata tana ƙugi, tsirkiyoyinta sun yi sama: in canza fikof ko in haɗa sabuwa?

Tambaya:

Malam, barka da aiki. Ina zaune a Barnawa. Da daminar da ta wuce na sayi jitar lantarki ta hannu, mai siffar Stratocaster amma ba ƙirar Fender ba ce. Da farko lafiya lau take. Tun da sanyi ya shigo tsirkiyoyinta suka yi sama har yatsuna na ciwo, bakunan ƙarafan da ke jere a wuyanta suna kartar mini hannu, in kuma na jona ta da amfilifaya sai ƙugi kamar an tayar da injin markaɗe. Wani abokina ya ce fikof ɗinta ne marasa kyau, in yi odar masu tsada. Wani kuma ya ce in sayi madaci in kai wa kafinta ya fafe mini sabuwa. Kuɗin hannuna ba su da yawa. Wanne zan yi?

Amsa:

Barka kadai, ƙanena. Mayar da kuɗin nan aljihu tukuna. Cikin abubuwa ukun da ka lissafa, biyu babu ruwansu ko kaɗan da fikof, wato ɗan abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sautinsu, na ukun ma sai an gwada kafin a ɗora masa laifi. Jitarka ba lalacewa ta yi ba, hunturun Kaduna ne ya taɓa ta.

Ka san yadda ƙofar katako take cijewa a watan Agusta, sai an sa mata kafaɗa, amma a Janairu ta riƙa rufuwa salin-alin har da 'yar kafa a gefe. Wuyan jita ma haka yake. Masu ƙera ta suna aiki ne a ɗakin da laimar iskarsa take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Mu kuwa a nan da damina laimar tana haura 80, da hunturu kuma takan faɗo ƙasa da 20. Katako ya bushe ya tsuke, ƙarafan da aka dasa a kansa, waɗanda muke kira firet, ba sa tsukewa tare da shi, sai bakunansu su leƙo ta gefe. Abin da ke kartarka ke nan. Maganinsa ƙaramin magagari mai laushi: ka liƙa salatif a kan katakon don kada ka ji masa ciwo, ka goge bakin kowane firet a hankali har ya daina kama fata. Yanzu ne lokacin yin wannan aiki, domin abin da aka goge a tsakiyar bushewa ba ya sake leƙowa baɗi.

Tashin tsirkiyoyin ma daga nan ya samo asali. Da allon firet ya tsuke, galibi wuyan yakan rusuna gaba kamar baka, tsirkiya ta yi nisa da katako. An san da haka tun wajen ƙira, shi ya sa aka binne sandar ƙarfe a cikin wuyan, mai noti a kai ko a gindi. Kafin ka taɓa ta, auna. Saita sautin jitar daidai, ka danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko da kuma na ƙarshe, ka sa wani ya duba ratar da ta rage a saman firet na 8. Abin da ake so wajen milimita 0.25 ne, wato kaurin fallen takarda biyu zuwa uku. In ratar ta fi haka, sassauta tsirkiyoyin, ka sa alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan na juya noti, a notin ka juya dama, yadda hannun agogo ke tafiya, kwata ɗaya na zagaye kawai. Sake saita sautin, ka bar ta ta huta, ka sake aunawa.

A nan ne gaggawa take cin mutane. Ni kaina, ina sabon shiga, na taɓa samun noti ya cije sai na ƙara masa ƙarfi. Ƙarar da na ji "ƙas" har yau tana kunnena, kuma sabon wuya na saya wa mai jitar daga aljihuna. In noti ya ƙi juyawa, tsaya. Kuma alankin ya shiga cif, domin yawancin jitocin Asiya da awon milimita aka yi su, na Amurka kuwa da inci. Wanda ya yi kusa amma bai dace ba zai cinye kan notin, daga nan aiki ya koma na babban asibiti.

Sai wuya ya daidaita ake komawa kan jaki. Sunan da masu garaya da goge suke kiran abin da tsirkiya ke hawa ke nan, na jitar lantarki dai na ƙarfe ne, kowace tsirkiya da nata ɗan sirdi mai ƙananan sukurori. Sauke su har ratar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 12 ta zama milimita 1.6 zuwa 2, masu kaurin su ɗan fi tsayi. Daga nan ka buɗe manhajar saita sauti a wayarka. Kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na 12: sauti ɗaya ya kamata ka samu, na biyun dai ya fi siranta. In na firet 12 ya zarce sama, ja sirdin baya, nesa da wuya. In ya gaza, matso da shi gaba. Kada ka birkita jerin nan, wuya ne farko, sai tsayi, sai wannan. Wanda ya fara da jaki zai yi aikin sau biyu. Ka goga bakin fensir a ramukan da tsirkiyoyi ke bi a saman wuya don kada su riƙa maƙalewa. Ka kuma sani da damina ta kankama wuyan zai koma baya, tsirkiya ta fara dukan firet, sai ka sassauta notin da kwata ɗayan nan. A Kaduna sau biyu a shekara ake wannan saiti. Tsakanin haka a ajiye ta cikin jakarta, nesa da taga, kada kuma ta yini a but ɗin mota.

To, ƙugi. Fikof ba wani abin sihiri ba ne: maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, a irin na Stratocaster wajen zagaye 8,000. Tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, ɗan lantarki ya taso a naɗin, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi. Matsalar ita ce naɗin ba ya tantance baƙo. Wutarmu tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma duk wani taransifoma, sitabilaiza, fanka ko cajar waya da ke kusa yana watsa nasa, fikof mai naɗi ɗaya ya kwashe duka. Stratocaster ta asali ma, wadda kamfanin Fender ya fara fitarwa a 1954, tana wannan ƙugin. Don a kashe shi ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙirƙiro mai naɗi biyu, wanda ake kira hambaka, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Naɗin biyu suna saɓa wa juna, ƙugin ɗaya ya cinye na ɗayan, sautin tsirkiya ya tsira. Ka ga ke nan in ka yi odar mai naɗi ɗaya, komai tsadarsa, da ƙuginsa zai zo.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Jona jitar, ka buɗe bolum, ka ɗaga hannunka daga tsirkiyoyin, sannan ka taɓa su. In ƙarar ta ragu, wayar atin ɗin cikinta, wato wadda ke kai lantarki ƙasa, lafiya take, rufin da ke kare kayan ciki ne babu. In ba abin da ya canza, wayar da ta haɗa jaki da bayan bolum ta tsinke. A irin jitarka za ka same ta a ramin baya, wajen da sifirin suke. In kuwa ƙarar ƙaruwa ta yi, to wani ya taɓa jona wayoyi biyun ramin kebur a juye. Waɗannan biyun aikin minti goma ne wurin kowane mai gyaran rediyo da ya iya liƙi da dalma. Sannan ka ari kebur ɗin wani ka gwada, don rabin ƙugin da ake kawo mini daga kebur mai araha yake. Ka kuma sa makunnin zaɓen fikof a matsayi na 2 ko na 4: a jitoci da yawa an naɗe fikof na tsakiya a juye, ta yadda in ya haɗu da maƙwabcinsa ƙugin yake ɗaukewa. In ya ɗauke a nan, kayan cikinka ƙalau suke.

Rufin da na ce shi ne a shimfiɗe ramukan ciki da bayan farantin roba da salatif na jan ƙarfe, ko takardar alminiyon ta kicin in shi ya gagara, a tabbatar kowane yanki ya taɓa ɗan'uwansa kuma duk sun haɗu da atin. Yana kashe zizar nan mai kaifi kamar ta sauro. Ƙugi mai kauri kuwa ragewa kawai za ka yi, ta hanyar matsawa nesa da amfilifaya da juya jikinka har ka sami kusurwar da ya lafa.

Akwai abin da ba na wasa da shi. In ka taɓa jin tsirkiya ta ɗan ja ka, ko makirfo ya tsunkule ka a leɓe kana riƙe da jita, cire filogi nan take. Tsirkiyoyin nan a haɗe suke da jikin amfilifaya, kai kuma kana riƙe da su. Gidajen haya da yawa soket ɗinsu rami uku ne amma na ukun ba a jona shi da komai ba, ƙananan janareta ma haka ake tayar da su ba atin. An yi makaɗan da suka rasa rayukansu ta wannan hanya. Kada ka yarda kowa ya karye ƙafa ta uku ta filogi wai don ƙugi ya tafi. In amfilifayar daga Amurka ta zo, duba bayanta: tasu wutar 120 ce, tamu 230, sai da taransifoma mai sauke wuta.

In ka gama duk wannan kuma har yanzu sautin bai yi maka ba, a lokacin ne maganar fikof ta taso, kuma ɗaya ya isa. Sa hambaka a wajen jaki, akwai ma sirara da ke shiga ramin mai naɗi ɗaya ba sai an fafe katako ba. Bolum mai lamba 250k aka saba haɗawa da mai naɗi ɗaya, 500k da hambaka. In ka bar na farkon sautin zai ɗan dushe, wasu ma hakan suke so. Ni dai da za a ba ni zaɓi tsakanin fikof mai tsada da amfilifaya mai kyau, amfilifayar zan ɗauka ban waiwaya ba.

Shawarar abokinka na biyu ba ta banza ba ce, lokacinta ne bai yi ba. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba, sai ya yi tunani irin na mai gyara: wuya daban, gangar jiki daban, sukurori huɗu su haɗa su. Saboda haka irin jitarka ta fi kowace sauƙin haɗawa a gida. Amma wuyan saye za ka yi, ko ka cire na wannan. Tsawon tsirkiya daga saman wuya zuwa jaki milimita 648 ne a ƙirar Fender, firet na 12 yana daidai rabi, a 324, na farko kuma a 36.4, kowane na gaba yana matsowa bisa lissafi. Kafintan da ya ƙware a gado da kujera bai saba da aikin da rabin milimita ke ɓata shi ba. Gangar jikin kuwa zai iya, in ka ba shi ta yanzu ya kwafa kana tsaye a kansa, musamman wajen ramin wuya da mazaunin jaki. Farantin ƙarfen da ke bayan wuya ma a Panteka, wajen masu aikin ƙarfe, za a yanka maka shi.

Batun katako, kada wani ya raina maka namu. Madaci ɗan gidan su mahoganin Afirka ne da kamfanoni ke yin jita da shi, sai dai namu na arewa yana da nauyi, kafaɗarka za ta gaya maka bayan awa guda a tsaye. Ni afara na fi so. Ita ce Gibson ta yi jitocinta Flying V da Explorer da ita a 1958, a can ana kiranta Korina, ga ta kuwa jibge a wajen masu sayar da katako ana yin silin da ita. Obeche ba nauyi amma yana da taushi, sukuru ba ya riƙe shi sosai. Iroko ka bar wa masu ƙofa. A jitar lantarki bambancin sautin da katako ke kawowa kaɗan ne in aka gwada da na fikof da amfilifaya, don haka nauyi da bushewa za ka duba.

Bushewar ce ma inda ake faɗuwa. Yawancin katakon kasuwa ɗanye ne, in ka fafe shi yau zai murɗe ko ya tsage kafin Maris. Kaurin gangar jita wajen milimita 45 ne, kuma ƙa'idar masu aikin katako ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri in iska ce za ta busar. Saboda haka ka sayi allon yanzu, wanda ya ɗara haka kauri kaɗan, ka shafe bakunansa biyu da fenti ko kakin kyandir don kada su tsage, ka ɗora shi a kan 'yan sanduna a cikin ɗaki inda rana ba ta kaiwa. Duk wata ka kai shi kan sikeli, ka rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa da fensir. Randa ka ga ya yi wata uku lambar ba ta sauka ba, ɗauko shi tare da wuyan ka zo mu ja layin tsakiya.