Likita ya ce idona ya yi tsawo: in yarda a cire mini yana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni malamin makaranta ne a Zariya, shekarata 54. Tun ina firamare nake sa gilashi mai kauri, har yara suna ce mini mai ido huɗu. Lambar gilashina yanzu -11. Bara yana ta fara rufe mini idon dama, an ce sai an yi aiki. Da aka auna, likitan ya ce tsawon idon milimita 29 ne, kuma bayan aikin tantanin gani na bayan ido zai iya ɓallewa. Yayana an cire masa yana, washegari ya koma kasuwa, ba wanda ya yi masa wannan zance. Shin tsoratarwa ce ko gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ya faɗa maka, kuma na ji daɗi da ya faɗa tun kafin ka hau gadon aiki.

Idon yawancin mutane tsawonsa daga gaba zuwa baya milimita 23 zuwa 24 ne. Da ya kai 26, ko lambar gilashi ta wuce -6, mun shiga sahun masu tsananin rashin ganin nesa. Kai kana 29. Tantanin da ke ɗaukar hoto, wanda muke kira retina, shimfiɗe yake a bangon ido ta ciki. Ido ya ƙara tsawo amma tantanin bai ƙaru ba, sai dai ya miƙe, kamar fatar da aka ɗaure wa gangar da ta fi ƙarfinta. Gefe-gefensa sai ya yi siriri.

Cikin idon kuma cike yake da wani ruwa mai kauri kamar farin ɗanyen ƙwai, wanda yake manne da tantanin. Idan aka cire madubin ido da ya yi yana aka sa na roba, wanda bai kai na asali kauri ba, wannan ruwa yakan samu wurin motsi, ya tsinke, ya janye daga bango. Wajen janyewar ne yake iya yaga wurin da ya yi siriri. Ruwa ya bi ta yagewar ya shiga bayan tantanin, sai ya ɗaga shi, yadda ruwan damina ke shiga tsagar katanga ya ɓalle yaɓe.

A cikin waɗanda aka cire wa yana gaba ɗaya, kusan mutum 1 cikin 100 ne, ko ƙasa da haka, wannan ke samu. Ga mai dogon ido haɗarin ya ninka sau da yawa, ya kuma fi yawa ga maza da waɗanda ba su kai shekara 60 ba. Ka ga duka ukun sun hau kanka. Duk da haka mafi yawan masu irin idonka ana yi musu aiki su rabu lafiya. Kuma ko ba a taɓa idon ba, tsawonsa kaɗai ya isa ya jawo ɓallewar. Barin yanar ba kariya ba ne, hasali ma tana hana mu leƙa bayan idon mu ga abin da ke faruwa. Ni shawarata a yi aikin.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan aikin. Madubin da za a sa maka zai ɗauke kusan duk lambar nan ta -11. Ka buɗe ido ka hango allo ba gilashi, karo na farko tun kana yaro, sai ka ɗauka an gama. To idon yana nan a milimita 29 ɗinsa, ba aikin da ke rage shi. Haɗarin ya fi yawa a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, amma yana bin mutum shekaru. Kuma abin ba ya ciwo, ido ba ya ja, shi ya sa mutanenmu ke cewa bari a ga gobe.

Idan ka ga walƙiya a gefen ido alhali ba hadari, ko baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar ƙudaje ko saƙar gizo-gizo suka taso maka farat ɗaya, ko wata inuwa kamar labule ta fara rufowa daga gefe, ranar nan za ka je asibiti, ko da Juma'a ce da yamma. Ban da kemis, ban da tozali. Yagewa kaɗai ana iya ɗinke ta da hasken leza cikin mintuna, kana zaune a kujera. In tantanin ya riga ya ɗagu, sai babban aiki, wani lokaci a cika idon da iska ko mai na musamman. In ɓallewar ta kai tsakiyar gani, ko an mayar da shi gani ba ya cika dawowa yadda yake.

Kafin ranar aikin, ka nemi a ɗiga maka maganin buɗe ƙwayar ido a duba gefen tantanin na idanu biyu. In yanar ta yi kauri a yi hoton na'ura. In an ga yagewa a fara gyara ta. Irin idonka ba na aikin gayya da ake yi wa ɗaruruwa a yini ba ne, balle masu ture yana da allura a gargajiyance. Ka nemi inda akwai likitan retina. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ba ta yi maka nisa ba. Ka kuma tambayi likitanka shirinsa game da idon hagu, domin ido ɗaya ba lamba, ɗaya na -11, gilashi ba zai iya haɗa su ba.