Hasumiyar tace alkol: faɗi nawa ya kamata a saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Maradi, ina son kafa ƙaramar masana'antar alkol na wanke ciwo daga ruwan rake, lita 100 a awa. An yi mini tayin hasumiyar tacewa ta hannu mai farantai, faɗinta santimita 80, da araha. Na ce babba ai ta fi, ko don gaba. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ku saya. Yawan tururin da zai hau cikin hasumiya shi ke yanke faɗinta, kuma tururin naku bai kai ba.

Ga lissafin. Lita 100 na alkol mai ƙarfin kashi 95 cikin 100 kusan kilo 80 ne. Don ya fito da wannan ƙarfi, sai an riƙa mayar da tururin da ya huce ya zama ruwa cikin hasumiya, a ce kashi uku su koma, ɗaya ya fita. Ke nan tururin kilo 320 ne zai hau a awa. Idan yana tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, wadda ita ce tafiyar da ta dace, bututu mai faɗin santimita 30 ya ishe shi. Faɗi kuwa idan ya ninka sau biyu, filin ciki sau huɗu yake ninkawa, don haka mai santimita 80 ta ninka bukatarku sau bakwai.

Kowane faranti yana da ƙananan huda, kuma ƙarfin tururin da ke kutsowa ta ƙasa ne ke riƙe ruwa a samansa, yana ɓulɓula. Idan tururi ya yi rauni, sai ruwan ya yi ta yoyo ta hudojin kamar a rariya, ba tare da sun gauraya ba. Za ku ƙone mai, alkol ya fito salam. Farantai masu huda sukan fara wannan yoyo da zarar aiki ya sauka ƙasa da rabin abin da aka ƙera su dominsa. Matsattsiya kuma nata ciwon daban: tururi ya danne ruwa ya hana shi sauka, hasumiya ta shaƙe, ruwa ya yi ambaliya ta sama. Shi ya sa injiniyoyi ke tsayar da aiki a kashi 70 zuwa 85 na iyakar shaƙewa.

A faɗin santimita 30, ku manta da farantai. Ƙasa da santimita 60, mutum ba ya iya shiga ya ɗaura su ko ya wanke su. Ciko ake zubawa, wato ƙananan zobban ƙarfe marasa tsatsa. Girman zobe kada ya wuce ɗaya bisa goma na faɗin bututu. Naku na santimita 2 da rabi ya yi. Idan zobban suka yi girma, ruwa bango yake bi ya bar tsakiya a bushe. A sa marabar ruwa, wato abin da ke baza ruwa daidai a kan zobban, a kai, a sake sa wata kafin ciko ya kai mita 3. Kuma mai walda ya tsayar da hasumiyar cak da igiyar awo, don karkata kaɗan tana tura ruwa gefe guda. Abu ɗaya da za mu ja kunnenku a kai: ruwan rake mai tsami yana da dauɗa, ku tace shi sosai kafin ya shiga, in ba haka ba zobban za su toshe.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Shin akwai iyakar faɗin da hasumiya ba ta wucewa?

Amsa: Malama, a lissafi babu, amma hanya da ƙira suna da tasu iyakar. Hasumiyar ɗanyen mai ta matatar Dangote, wadda ta iso Lekki da ke Legas a 2019, faɗinta kusan mita 14 ne, tsawonta ya haura mita 110, kuma ta teku aka kawo ta. Mu nan ba mu da teku. Faɗin cikin kwantena mita 2.35 ne kawai, babbar mota kuma kusan mita 2 da rabi. Abin da ya zarce haka sai da izini na musamman da rakiya, ko a kawo shi gunduwa-gunduwa a haɗa a wurin aiki.

Faɗi yana zuwa da wahalarsa. Faranti mai faɗi sosai sai an tokare shi da ginshiƙai, kuma ruwa kan taru a bakin shiga ya yi ƙaranci a bakin fita, sai an raba masa hanya biyu ko huɗu. Tsawo ma ana kiyaye shi, galibi kada ya wuce faɗi sau 30, saboda iska. Wanda ya ga guguwar farkon damina a Maradi ya san doguwar siririyar hasumiya tana bukatar tushen kankare mai zurfi da wayoyin ɗauri.