Amsa ga 'yata a kan masu riƙo daga bayan taurari

Assalamu alaikum, 'yata. Ya karatu, ya mutanen gida? Na karanta abin da kika turo mini na labarin da kike rubutawa, na waɗansu halittu da suka sauko daga bayan taurari, suka fi kowa ilimi da ƙarfi, suka ce aƙidarsu ta ɗora musu riƙon duk halittar da ba ta kai su wayo ba, har da mu 'yan Adam. Kin tambaye ni ko a al'adarmu za a kira wannan riƙo, don kina son gina aƙidar tasu a kan wanda muka sani. Bari in faɗa miki yadda muka taso muka tarar.

A wurinmu mutum ba ya naɗa kansa mariƙi, ba shi ake yi. Ɗan fari, saboda kunya, sau da yawa hannun kaka yake tashi. Yaron da aka kai yaye gidan goggo ko inna wani lokaci can yake zarcewa. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, ɗan'uwanta ya ɗauki 'yarsa ya ce ga ta nan, ki riƙe. In yarinyar ta isa aure, mariƙiyar ce ke fama da kayan ɗaki da gara, amma ran ɗaurin aure dangin uba ake nema su bayar da ita. Sunan uba ba ya canzawa, don Suratul Ahzab ta ce a kira su da iyayensu, kuma riƙo ba ya sa a ci gado. Su ma iyayen idonsu na kai. Da an ga riƙon sakainar kashi ake yi wa yaro, shi ne aike, shi ne talla, 'ya'yan gida suna makaranta, sai kawu ko baffa ya zo ya ɗauki abinsa, ko da zumunci zai yi tsami. To su waɗannan baƙin naki, wa ya ba su? In suka yi zalunci, wurin wa za a kai ƙara?

Na maraya ya fi tsauri, tunda shi ba uban da zai zo. Ki buɗe Suratun Nisa'i, aya ta 6. An ce a riƙa jarraba marayu har su kai munzalin aure, in an ga hankali a tare da su a miƙa musu dukiyarsu, a kuma kafa shaidu a lokacin miƙawa. An hana gaggawar cinye ta kafin su girma. Mariƙi mai hali ya kame bakinsa, maras hali ya ci gwargwadon buƙata. Aya ta 10 kuwa ta ce mai cin dukiyar maraya da zalunci wuta yake ci. Kin ga tun ranar da aka fara riƙon an san zai ƙare. Matsalar, kuma na sha ganinta a garin nan, ita ce a bar wa mariƙi shi kaɗai ya faɗi ranar. Gidan haya ne na marigayi, baffa na karɓar kuɗi, yaro har ya tara gemu ana cewa bai yi hankali ba tukuna. Shi ya sa ake da alƙali.

Ba sai kin je taurari neman irin baƙinki ba, garin da kike zaune, Kaduna, Turawan mulkin mallaka ne suka kafa shi. A 1900 Gwamna Lugga ya shelanta cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyar Ingila, alhali bai ci Kano da Sakkwato ba sai 1903. A 1917 aka dawo da hedkwata daga Zungeru zuwa Kaduna. A 1922 ya fitar da littafi yana cewa Turawa amana biyu suke riƙe da ita: su ciyar da mutanen ƙasa gaba, su kuma buɗe arzikin ƙasar don amfanin duniya. Su suka ba kansu, su ke karɓar haraji da jangali, su ne kuma masu cewa mun isa ko ba mu isa ba. Sai 1959 Arewa ta sami mulkin kanta.

Akwai inda abin ya ɗan yi kama da namu. Kamaru ta Jamus ce, bayan yaƙin duniya na farko aka raba ta tsakanin Ingila da Faransa a matsayin riƙon amana, daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta zama mai sa ido. Saboda akwai na sama, sai da aka tambayi mutanen su Mubi, waɗanda ke ɓangaren Kamaru da Ingila ke riƙo, da ƙuri'a a kan ƙasar da za su bi. A 1959 suka ce a dakata, a Fabrairun 1961 suka zaɓi Nijeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. Ban ce Turawa sun yi don Allah ba, amma an tambaya.

Sai dai kafin ki gama la'antar baƙinki, ki tuna mu ma masu riƙon waɗansu halittun ne. Suratul An'am, aya ta 38, ta ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Hadisi ya inganta a kan matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ki dubi yadda ake cusa kaji da awaki a mota ranar kasuwa.

Da ni ne ke, sai in sa tsoho ɗaya a cikinsu wanda zai tashi a majalisarsu ya ce a sa rana, a kira shaidu daga cikin waɗanda ake riƙo. Abin da za su yi masa shi zai nuna wa mai karatu ko su wane ne, ba sai kin yi wa'azi ba. In kin sami hutu ki leƙa Arewa House, tsohon gidan Sardauna, ki nemi takardun zamanin Turawa ki ji irin lafazin da suke yi a kanmu, zai yi miki amfani a bakin sarkin baƙin. Ki gaida mamanki, ki ce ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda.